Makarin da Na Dama wa Autanmu

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana da shekara huɗu, ina goyon ƙaninta, na yi wani abu da har yau in na tuna shi sai in ajiye abin da ke hannuna in nemi wuri in zauna. Ban taɓa ba da labarin a nan ba. Shekaranjiya ne wata ta turo mini saƙo a waya, wai ga haɗin da ke wanke ƙwaya daga kan mutum, a tura wa 'yan uwa. Na daɗe ina kallon saƙon nan. Sai na ce bari dai in faɗa muku nawa.

Mu 'yan Gwandu ne, aure ya kawo ni Kalgo. Mu biyar Inna ta haifa, ni ce ta biyu, kuma namiji ɗaya ne a cikinmu, autanmu. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma shi Allah ya ba shi kai. Ba wai na makaranta kaɗai ba. Auta in ya ji abu sau ɗaya ya zauna ke nan. Inna ba ta iya ajiye lamba a waya ba, kuma ba ta taɓa damuwa ta koya ba, don duk lambar dangi tana kan auta: ta kawu, ta gwaggo, ta mai kawo mata itace, har ta mutanen da suka canza layi, ya san tsohuwar ya san sabuwar. "Littafina" take ce masa. In ana gardamar wace shekara aka yi bikin wance, ko wa ya riga wa haihuwa, sai Inna ta ce, "Ku kira min littafina." Ya zo ya tsaya bakin ƙofa yana murmushi, ya faɗi ranar, ya faɗi abin da aka dafa, ya faɗi wanda ya yi faɗa da wa a kan nama. A yi ta dariya.

Bayan rasuwar babanmu, kawu ya samo masa babur. Aka ce Kalgo ta fi Gwandu aikin kabu-kabu saboda ɗaliban jami'a, ga kuma masu shiga Birnin Kebbi kullum. Maigidana, wanda magini ne, ya ce ya zo ya zauna a ɗakin zaure. Ranar da zai taho Inna ta sa aka kira ni, ta ce, "Ga amana nan na turo miki. Ke ce uwarshi can." Na ce, "In Allah ya yarda, Inna." Har wani daɗi na ji, an girmama ni.

Watannin farko lafiya lau. Da safe in dama kunu, ya sha kofi biyu, ya ɗaga ɗiyata sama ya ce mata "matata", ta ce ita ba ta auren mai babur sai mai mota, ya ce to ya sake ta, ta fashe da kuka, ya mayar da ita. Kullum sai sun yi wannan.

Ni mutum ce mai yawan kallo. Maigidana yakan ce da ido na cin abinci da na fi kowa ƙiba. To idon nan ne ya fara nuna mini. Na ga auta ya rage cin abinci, sai ruwa, sai lemo. Na ga yana yawan lasar leɓe yana sosa wuya. Wata rana ya dawo da surutu kamar rediyo, wata rana ya zauna kan benci ido rabi a rufe, ka yi masa magana sau uku kafin ya ɗago. Na aike shi ya sayo mini daddawa da barkono, ya dawo da barkono kawai, ya ce ban ce daddawa ba. Auta fa! Wanda ke tuna abin da aka dafa a bikin da aka yi yana ɗan shekara shida.

Ranar wata Laraba ina wanki na sa hannu a aljihun wandonsa, na ciro ledojin magani guda biyu, duk an ɓalle ƙwayoyin. Ban iya karanta abin da ke jiki ba, amma na san kalar, don ina ganin irinsu a zube bakin kwata inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Na leƙa ɗakinsa, na ga robar lemo a bayan katifa. Na buɗe na shinshina. Lemo ne, amma da warin maganin tari.

Da ya dawo cin abincin rana na tare shi a zaure, na buɗe masa tafin hannuna.

"Auta, mi ne ne wanga?"

Ya kalla, ya kau da kai. "Na gajiya ne, Adda. Kowa na sha. Ke kin san abin da rana ke yi ma mutum bisa babur?"

"Na robar ma na gajiya ne?"

Sai ya durƙusa. Wallahi har ƙasa. Ya kama bakin zanena ya ce, "Adda, don darajar Baba kar ki gaya ma Inna. Kin san jininta. In ta ji, ni na kashe ta. Zan bari, ki ba ni lokaci kaɗan."

Gaskiya ne Inna na da hawan jini. Gaskiya ne kuma maigidana ya taɓa cewa a gabana, duk ranar da ya kama ɗan ƙwaya a gidansa, da kayansa da shi sai waje. Amma in zan faɗi gaskiyar duka, akwai ta uku: tsoro nake ji a ce an ba ni amana ta lalace a hannuna. Yayata ta ce, ai da ma. Matan kawu su samu abin tattaunawa. Na ce masa ya tashi, ba zan faɗa ba. Na jefa ledojin a murhu.

Bai bari ba. Ni kuma na rasa barci mai daɗi, na rasa wanda zan gaya wa.

Gidan da muke haya ɗakuna ne a jere, tsakar gida ɗaya. Ɗakin ƙarshe wata ɗalibar jami'a ce a ciki, 'yar yankin Zuru, Kirista, yarinya mai kirki. Tana ce mini Anti, ni ina tsokanarta da Malama. Hausarta ta kasuwa ce, tana ji sosai, amma in ka zurfafa sai ta yi dariya kawai. Wata safiya na fito na ga ta shimfiɗa buhu a rana, ta baza wani abu yankakke rawaya, hannunta duk ya rine.

Na ce, "Malama, sabon lalle aka fito da shi?"

Ta ce, "Kurkur ne, Anti."

"Gangamau ke nan. Mu haka muke ce mishi. Aure za ki yi ba mu ji ba, kike gyaran jiki?"

Ta yi dariya ta ce na aikin makaranta ne, ɓeraye za su ba. Na ce ikon Allah, mu muna neman abin kashe su, ku kuna yi musu kayan ƙamshi. Sai ta zauna kan bokiti tana juya gangamau ɗin tana yi mini bayani. Wai suna da fararen ɓeraye a keji. Ana koya musu hanya a cikin wani akwati mai lungu-lungu har su gane inda abinci yake. Sai a ba su irin ƙwayoyin nan da samari ke sha, a ga yadda suke mance hanyar. Wasu kuma a haɗa musu da wani sinadari da ake tatsowa daga gangamau.

Ta ce, "Muna so mu gani ko zai kare musu ƙwaƙwalwa."

'Yan uwa, ku duba maganar nan da kyau. Akwai "ko" a cikinta. Ni kunnena ya zubar da "ko" ɗin nan a ƙasa kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Abin da ya shiga kaina shi ne: gangamau, ƙwaya, zai kare ƙwaƙwalwa. Gabana ya faɗi, amma na daɗi.

Na ce, "Wato makari ne ke nan?"

Ta ɗan tsaya, na ga alamar kalmar ba ta zauna mata ba. Ana ta yi mata hon a waje, mai babur na jira. Ta ce, "Eh, kamar haka dai, Anti," ta saɓa jaka ta fita, ta ce in kore mata kaji daga shanyar.

Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san abin da makari yake nufi a wurinmu. Kakarmu takan ce babu dafin da ba shi da makari, sai dai wanda ba a sani ba. Na harbin kunama, na sammu, na sarar maciji. Ina yarinya na sha ganin masu wasa da maciji ranar kasuwa, suna rataya shi a wuya, ana cewa sun sha makari. To ga shi yau 'yar jami'a da bakinta ta ce ƙwaya ma tana da nata, kuma ba a Makka yake ba, yana nan a faifan mai kayan yaji. Na ce Allah ya dube ni. Ba sai Inna ta ji ba, ba sai maigida ya ji ba. In tsare masa kansa har ranar da zai bari.

Ran kasuwa na sayo gangamau cike da leda, na shanya, na daka, na tankaɗe, na zuba a gwangwanin madara. Washegari na dama kunu, na ɗebi nasa daban na zuba cokali guda. Ya yi rawaya kamar an narka ƙwai a ciki. Ya kalla ya ce, "Adda, yau kunun Sallah aka yi?" Na ce maganin sanyi ne, shanye. Ya shanye yana yamutsa fuska.

Daga nan abin ya zama mini aiki. Kunu da gangamau, miya da gangamau, shinkafa da wake ma sai na barbaɗa a cikin yajinsa. Kofunan roba duk suka rine, ludayi ya rine, farcena ya rine. Maigidana ya ce, "Wai ke, dukanci kika koma ne? Kowane kwano na gidan nan ya zama fatar jaka." Na ce ai yana gyara ciki. Ya ce nasa cikin a gyare yake, a bar masa tuwonsa fari. Ni kuma ina ta lura da auta kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. In ya tuna wani abu, in ce ga shi, yana aiki. In ya manta, in ce yau ban sa da yawa ba, gobe in ƙara rabin cokali.

Bayan kamar sati uku auta ya kama ni ina zubawa. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Adda, gaya min gaskiya. Mi kike ba ni? In na mallaka ne, ai ni naki ne tun da."

Da na yi shiru ranar nan. Amma ina cike da abin, ina so wani ya san dabarata. Na ja shi gefe na gaya masa duka, da ɓerayen, da akwatin, da abin da Malama ta ce. Na ce, "Makarin abin da kake sha ne. 'Yan jami'a sunka gano shi. Kai dai ka yi ƙoƙari ka bari, ni kuma ina tsare maka kanka kafin nan."

Na ga fuskarsa ta washe. Ya ce, "Da gaske? 'Yan jami'a?" Na ce da bakinta ta faɗa. Ya karɓi kofin ya shanye har da lashe baki, ya ce, "Kai, Allah shi bar min Addata. Ashe ina da makari ban sani ba."

Na ɗauka godiya ce. Ban ji abin da ke ƙarƙashin maganar ba. Ni da na ga masu wasa da maciji da idona, na manta cewa ba wanda ke sa hannu a rami sai wanda ya yarda ya sha makari.

Kafin wata ya zagayo, abokansa biyu sun fara biyo shi da safe. Su faka babura a ƙofar gida su ce, "Adda, a sammana mai rawayar nan." Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na ji kaina ya yi girma. Ni da ban gama firamare ba, ga ni ina ba da maganin jami'a. Har tukunya na canza, na koma babba. Ɗaya daga cikinsu yana ce mini Likita, ina cewa ya daina, amma ina jin daɗi.

Kuma ina gani fa. Kar ku ce ban gani ba. Ledojin aljihu da suke biyu suka koma huɗu. Robar lemo ta daina ɓuya bayan katifa, ta dawo gefen ƙofa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya daina wasan "matata" da ɗiyata, in ta tsokane shi sai ya dube ta kamar yana neman inda ya san wasan. Sau ɗaya na ce masa, "Auta, ka ce za ka bari." Ya ce, "A hankali, Adda. Ai ba gaggawa yanzu, tunda kai na tsare." Maganata ce ya mayar mini. Sai na ƙara cokali.

Wata takwas muka yi a haka. Malama tana wucewa ta gaishe ni kullum, ban taɓa tsayar da ita na sake tambaya ba. Yanzu na gane dalili. Tsoro nake ji ta ce mini ba haka ba ne.

Ranar da abin ya fashe, Asabar ce, ana gobe bikin ƙanwar maigidana. Na shirya ɗiyata da safe, na ce auta ya kai ta gidan gwaggonta a can ɗaya gefen gari a yi mata kitso, tafiyar da ba ta kai minti goma ba. Ya ɗora ta a gaba kan tanki, ta riƙe madubi tana ɗaga mini hannu.

Wajen azahar ya shigo, ya zauna kan benci ya ce, "Adda, akwai abinci?"

Na ce, "Akwai. An fara kitson kafin ka baro?"

"Wane kitso?"

"Na ɗiyarka mana. Ba can ka kai ta ba?"

Ya dube ni. Ba zan manta kallon nan ba. Ba na mai ƙarya ba ne, ba na mai wasa ba. Kallon mutumin da aka tambaya hanya a garin da bai taɓa zuwa ba. Ya ce, "Yau na ɗauke ta?"

Na kira gwaggonta, ta ce ita tun safe take jira, ta ɗauka mun fasa. Ban san sanda na fita ba. Ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya nawa ƙafa ɗaya na maigida, ɗa a baya yana tsala kuka. Ina tafe ina kiran sunanta, ina tambayar duk wanda na gani. Malama ta ji ihuna ta biyo ni, ita ta yafa mini gyalenta a hanya. Auta yana binmu a baya da babur yana cewa, "Bari in tuna, bari in tuna," yana bugun goshinsa da hannu. Muka duba bakin kasuwa, muka duba tasha. Duk motar da ta wuce ta nufi Birnin Kebbi sai in ji kamar tana ciki. Har rijiyar bakin masallaci sai da na leƙa.

Wani mai sayar da rake ne ya ce ya ga yarinya mai jan riga wajen mai faci, kusa da mahaɗar titi. Muka ruga. Tana kwance kan benci a ƙarƙashin rumfa, ta yi barci, ta rungume takalminta, gefen bakinta duk ruwan kankana. Mai facin, wani dattijo, ya ce, "Ya sauke ta ya ce in ƙara mishi iska. Ina gamawa wani ya ce Birni, ya ɗauke shi sunka tahi. Na ce yanzu zai dawo. Ta yi kuka har ta gaji. Na tambaye ta gidansu, ta ce gidan da ake kunu mai rawaya."

Na ɗauke ta ina kuka ina dariya. Da muka dawo gida na zauna a tsakar gida. Ina ta faɗa, ban ma san a fili nake faɗa ba: "Amma ina ba shi makarin. Kullum ina ba shi. Ko rana ɗaya ban tsallake ba."

Malama ta ce, "Wane makari, Anti?"

Na nuna mata gwangwanin. Na gaya mata. Ta dafe kai da hannu biyu ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce, "Anti, ni cewa na yi muna so mu gani KO zai kare. Ko! Gwaji ne, mu kanmu ba mu sani ba. Kuma ɓera ne, ba mutum ba. Abin da muke tatsowa a makaranta ma ba shi ne wannan garin na miya ba. Ko da a ce ya taimaki ɓera, ba wanda ya ce mutum ya ci gaba da sha. Abin nan ba shi da wani kariya sai bari, kuma bari ma sai da likita." Sai ga hawaye a idonta. Ta ce, "Da kin gaya mini don wa kike tambaya."

Da na gaya mata. Ɗaki uku ne tsakanina da ita.

Na ce yau Inna za ta ji. Na laluba wayata, babu, ta faɗi a wajen gudun nan. Malama ta miƙo tata ta ce in faɗi lambar. Ni ban taɓa haddace ta ba, me zai sa, muna da littafi. Na juya na ce, "Auta, lambar Inna."

Yana tsugune jikin bango. Ya ɗago ya ce, "Sifili, takwas..." ya ƙara biyu, ya tsaya. Ya sake farowa. Ya tsaya a wuri ɗaya. Ya rufe ido yana motsa baki. Ya sake farowa karo na uku, sai ya faɗi wata daban, ya ce a'a, wannan ta kawu ce, ko ta gwaggo. Sai ya buɗe ido ya ce da ƙaramar murya, "Adda, ta tahi."

Kukan da na yi a nan ya fi wanda na yi a titi. A wayarsa muka samo lambar.

Maigidana da ya dawo ya ji komai, bai kore shi ba. Ni ya duba ya ce, "Wata takwas ina cin abinci a kwanon da ya rine, ban san a gidana ake asibiti ba." Bai ƙara ba, kuma kwana biyu bai yi mini wata doguwar magana ba. Ashe mutumin da na ji tsoro shi ne daga baya ya nemo motar kai auta asibiti, shi ya bar aikinsa ya raka shi.

Inna ta iso washegari da kawu, ana can ana biki. Jininta bai kashe ta ba. Ta zauna kan tabarma ta saurare ni har na gama, ta sa aka kawo mata gwangwanin, ta buɗe ta shinshina ta rufe. Na so ta zage ni, ko ta mare ni. Sai ta ce, "Ɗiyata, mutum na ba ki amana, ba sunanshi ba. Kin tsare sunan." Ta ajiye gwangwanin. "Da kin bari na yi kukana tun da wuri, da yanzu na gama."

An kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Ya sha wuya, mu ma mun sha. Ya koma sha sau ɗaya, aka sake farowa. Daga baya kawu ya sayar da babur ɗin ya tafi da shi Maruda, gona. Abokan nan nasa biyu na aika musu da kaina cewa abin da na ba su ba makari ba ne, kunu ne kawai. Ɗaya ya yi dariya. Ɗayan ban sake ganinsa ba, kuma ina yawan tuna shi.

Yau shekara shida ke nan auta bai taɓa komai ba, alhamdu lillahi. Ya yi ƙiba, ya yi aure, yana noman gero da albasa. Kansa ya dawo da yawa, amma ba duka ba. Yana yawo da ɗan littafi a aljihun gaba, a ciki yake rubuta saƙo da lambobi. Inna ta koyi ajiye lamba a waya da kanta, jikokinta suka koya mata. Ban sake jin ta ce a kira mata littafinta ba.

Ba na cewa gangamau ya cuce shi. Gangamau bai yi komai ba, abin miya ne, yana nan yadda Allah ya yi shi. Ban kuma sani ba ko da na faɗa tun ranar wankin nan da kansa ya tsira duka. Na tambayi likitan, ya ce ba wanda zai iya auna wannan. Abin da na sani shi ne, ranar da ya durƙusa ya kama zanena, yana jin tsoron abin da yake sha. Tsoron nan shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe shi. Ni na dama kunu na wanke masa shi.

Bara da Sallah muka je Gwandu, shi ma ya zo da matarsa. Na daɗe ina ɗauke da maganar, na ce yau sai na sauke. Na same shi shi kaɗai a gindin darbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, yana gyara igiyar akuya. Na zauna na ce, "Auta, ina son ka yafe min."

Ya ce, "Subhanallahi. Mi kinka yi min, Adda?"

"Gangamau ɗin nan da na riƙa ba ka a Kalgo. Da na ce maka makari ne."

Ya ajiye igiyar. Ya dubi ƙasa, yana nema, na ga yana nema da gaske. Sai ya ɗago yana murmushi irin na jin kunya.

"Wane gangamau?"

Na ce, "Kunu mai rawaya. Kullum da safe. Wata takwas."

Ya girgiza kai a hankali. "Wallahi Adda zaman nan na Kalgo, wani wuri akwai, wani wuri babu. Na san dai kina ba ni kunu, kuma da daɗi." Ya dafa hannuna. "Amma ko mi ne ne, na yafe. Duniya da lahira. In rubuta ne, don kar in mance na yafe?"

Ya ciro ɗan littafin yana dariya, yana laluben biro. Na ce ya bari, ba sai ya rubuta ba. Ni zan riƙe mana.